Tambaya da amsa: Haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yau kwanana 19 da haihuwa, haihuwata ta biyar, a gida na sauka lafiya. Tun bayan suna nake fama da haki, ko tsakar gida na share sai na nemi wuri na zauna. Da dare in na kwanta numfashi ya ƙi, sai na tashi na jingina da bango. Ga busasshen tari, ga ƙafafuna sun kumbura. Surukata ta ce wanka ne bai ratsa ni ba, a ƙara zafin ruwa, a ƙara kunun kanwa. Ina mafita? Daga wata mai jego a Jega, jihar Kebbi.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Ki je asibiti yau, kada a ce sai an yi arba'in. Hakin da ke tsananta in an kwanta, ya lafa in an zauna, ga tarin dare da kumburin ƙafa, abin da muke fara zargi shi ne raunin zuciya na masu jego.

Tsokar zuciya ce ke yin rauni, daga watan ƙarshe na ciki har zuwa wata biyar bayan haihuwa. In ta kasa tura jini da ƙarfi, ruwa sai ya taru a huhu da ƙafafu. Da rana kina tsaye, ruwan na sauka ƙasa. Da kin kwanta sai ya koma ƙirji, shi ya sa bango ya zama matashinki. Danna babban yatsa a kan ƙwaurinki na daƙiƙa biyar. In kin ɗaga kika ga rami ya tsaya, ruwa ne. Cutar ta fi yawa a yankinmu fiye da kusan ko'ina a duniya. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Sakkwato, aka fitar a 2007, ya same ta a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Hawan jini lokacin ciki, tagwaye da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna ƙara haɗarin.

Surukarki alheri take nufi, amma shawarar nan za ta iya ƙara ciwon. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan wannan ciwo a wajen masu shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan bai tabbatar cewa al'adar ce tushen cutar ba, sai dai kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tafasasshen ruwa kuma na sa zuciya gudu. Zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar wannan kaya. Ki ajiye kanwa gaba ɗaya, ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki yi wanka da ruwa mai ɗumi. Kunun gero ko na gyaɗa ba kanwa ya ishe ki.

Akwai wasu abubuwa da ke kawo haki bayan haihuwa, kuma sai da gwaji ake raba su. Ƙarancin jini yana kan gaba, musamman in an zubar da jini sosai: cikin ido da tafin hannu su yi fari, ga jiri. Hawan jini na iya tasowa har mako shida bayan haihuwa, da ciwon kai da ganin dishi-dishi. Akwai gudan jini da ke tasowa daga jijiyar ƙafa ya toshe huhu. Shi farat ɗaya yake zuwa, da sukar ƙirji, sau da yawa ƙafa ɗaya ce ke kumbura, ya kuma fi samun wadda aka yi wa tiyata. In akwai zazzaɓi da majina, a duba ciwon huhu ko tarin fuka.

A asibiti ki nemi a auna hawan jini, yawan jini, fitsari da iskar da ke cikin jini. Sannan hoton ƙirji da hoton zuciya da ake kira eko, wanda shi ke yanke hukunci. In babu na'urar a inda kika je, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi ko na Sakkwato. A hanya ki zauna a jingine, kada a kwantar da ke.

In kina zaune kawai kina numfashi fiye da sau 24 a minti, ko ba ki iya ƙarasa magana sai kin huta, ko leɓe ya yi duhu, ko kina tofar da kumfa mai jini-jini, ko tsakar dare ne a nemo mota.

Magani akwai. Ana ba da mai fitar da ruwa ta fitsari, irin su Lasix, da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki, irin su enalapril, kuma akwai waɗanda ba su hana shayarwa. Kada ki sayi Lasix a kemis ki sha da ka, yana iya zubar da sinadaran jini ya rikita bugun zuciya. Ki guji diclofenac da ibuprofen, su ma suna riƙe ruwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin magani da zarar kumburi ya saɓe, alhali zuciya kan ɗauki wata uku zuwa shida ko fiye kafin ta murmure, wasu ma ba ta komawa daidai.

Ki tafi da maigida, domin akwai maganar da ya kamata ya ji da kunnensa. Sabon ciki kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya kai mace kabari. Za a shawarce ku da tazarar haihuwa, a zaɓa miki hanyar da ta dace da mai ciwon zuciya, kamar ashanar hannu, a kuma sake hoton zuciya bayan wata shida kafin a yi zancen wani cikin. Allah ya ba ki lafiya.