Ina Shamuwa Ta Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, shekaruna sun haura sittin. Muna yara, tsamiyar ƙofar gidan mai gari cike take da sheƙar shamuwa, kuma da an gan ta iyayenmu ke fara sharar gona. Yau shekara uku ke nan, ko guda ba ta sauka ba. Jikana ɗan makaranta ya ce sauyin yanayi ne. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikanka ya yi gaskiya, sai dai akwai ragowar magana.

Shamuwa baƙuwa ce mai zuwa da damina. Idan rani ya shigo mana, gabashi da kudancin Afirka take tafiya, wajen su Zambiya, inda a lokacin ake ruwa, sannan ta biyo hadari ta dawo ta yi sheƙa a garuruwanmu. Abinci take bi: fara, tsutsa, da kwaɗin da ke fitowa bayan ruwan farko. To yanzu damina ba ta da alƙawari. A yi ruwa ɗaya a yi shuka, sai sama ta ɗauke sati uku, kududdufi ya ƙafe, uwa ta rasa abin kai wa 'ya'yanta. Can a Agusta ko Satumba kuma ruwan ya zubo gaba ɗaya, irin ambaliyar 2022 wadda ku mutanen Jigawa kuka fi ni sanin zafinta. Iskar da ke zuwa da irin wannan ruwa kan kakkaɓo sheƙa har ƙasa.

An taɓa ganin yadda ruwanmu ke riƙe da ran tsuntsu. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar a yankinmu na Sahel yake cin rani, kuma farin da ya fara a lokacin ne ya kashe shi. Farin 1973 da na 1984 suka biyo baya, Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke sosai.

Ni a Nguru na tashi, kuma abin da idona ya gani ya sa ba na ɗora wa sama laifin duka. Kawuna masunci ne. Idan ya ɗauke ni a kwalekwale da sanyin asuba, kirinjijiya da dinya ne ke tashi har su yi mana inuwa, ga agwagin Turai da ke sauka a matattarar tsuntsaye ta Dagona lokacin hunturu. Dausayin nan na Nguru ambaliyar kogin Haɗejiya da na Jama'are ke rayar da shi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa kowace shekara ya ragu, wanda ake saki kuma ya zama yana kwance rani da damina. Ciyawar kachalla ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki ya tare a cikinta yana cinye wa manoma shinkafa da gero. Gauraka kuwa, wadda kakata ke gane asuba da kukanta, rabona da ganinta a fadamarmu tun ina firamare. Abin yana ci mini rai.

Saboda haka, Baba, ka duba abu biyu a ƙauyenku. Manyan itatuwa nawa suka rage? Shamuwa na son tsamiya da kuka da rimi, a tsakiyar mutane, kuma masu gawayi sun yi musu ɓarna. Na biyu, feshi. Maganin ƙwarin da ake zubawa a gonar wake yana kashe farar da take ci, idan kuma ta ci fara mai guba, gubar ta shiga jikinta.

Roƙona ka yi wa mai gari magana kada a sassabe tsamiyar nan, a kuma hana yara harbi da gwafa a gindinta. Jikan naka ya samu littafi ya riƙa rubuta ranar ruwan farko da ranar da aka fara ganin shamuwa, ko a ƙauyen maƙwabta ne. Ku aiko mini da abin da kuka rubuta bayan kaka.