Tambaya da Amsa: Akurkina na tashi sama in an yi iska

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kaji 12 masu ƙwai, na sa kafinta ya haɗa min akurki irin wanda ake ja ana canza masa wuri don su riƙa samun sabuwar ciyawa, to wallahi hadari na haɗowa iska ta kifar da shi, Allah ya taimaka ba wadda ta mutu. Kafintan ya ce a ƙara masa nauyi kawai, ni kuma in ya yi nauyi ba zan iya ja ba. Don Allah ya zan yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Kafintanki bai yi ƙarya ba amma rabin maganar ya faɗa. Nauyin da kike buƙata ba a jikin akurkin za a gina shi ba, nauyi ne na ɗorawa da saukewa, kuma kafin ma a zo nan a fara duba tsayinsa.

Kin ga ita iska in gudunta ya ninka biyu ƙarfin turinta sau 4 yake ninkawa. Mai gudun kilomita 40 a awa tana tura kowace murabba'in mita da kamar kilo 7 ko 8, in ta kai 80 kuwa ana maganar kilo 30 ne ko sama da haka, to ki lissafa faɗin bangon akurkinki da kanki. Shi ya sa gajere mai faɗin gindi ya fi dogo siriri. Akwai wani manomi a Amurka, Joel Salatin, da ya yi suna da irin wannan kiwon, nasa akurkin ƙafa 10 ne a ƙafa 12 amma tsayinsa ƙafa 2 kacal. Nasa na kajin nama ne, naki masu ƙwai suna son wurin hawa su kwana don haka zai ɗan fi tsayi, ni dai da ni ne ba zan bari tsayin ya kai faɗin ba, ko kuma a yi shi mai kusurwa uku, gefe biyu su haɗu a sama, iska ta zame ta wuce.

Sai rufi, nan ne yawancin ɓarnar take. Sau da yawa ba turewa iskar ke yi ba, shiga ƙarƙashin kwanon take ta ɗaga shi kamar yadda take juya lema a hannun mutum. A rage leɓen kwanon da ya zarce, a ɗaure shi da sukuru mai roba maimakon ƙusa, ƙusa girgiza kaɗan ta fara fita. Tamfol kuwa in bai ɗauru tsam ba gara babu shi. Gefen da raga take iska wucewa take abinta, gefen da aka rufe shi ke kokawa da ita, saboda haka ki juya gefen da ya fi ƙanƙanta kuma rufaffe ya kalli inda iskar ta saba tasowa, kar ki bar buɗaɗɗen baki ya kalle ta ta cika cikin. Kuma kar tsoro ya sa ki toshe ko'ina, kaji na buƙatar iska ta ratsa su.

Ki ce wa kafintan ya buga katako a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane bango, shi ke hana shi langaɓewa.

Yanzu maganar nauyin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 guda biyu a ɗaure a katakon ƙasan akurkin kin samu kilo 50 ke nan, ranar ja ki sauke su. A ƙasa fa, ba kan rufi ba, dutse ko bulo a kan kwano in ya zame, kan kajin zai faɗa. Sannan turke: a yanko rodi kamar rabin mita guda 4, a lanƙwasa kansa ya zama ƙugiya, ki buga shi a karkace ya kama katakon ƙasa a kowace kusurwa, in ƙasar mai yashi ce a ƙara tsawo. In akwai taya a yi ta yadda za a ɗage ta akurkin ya zauna daram a ƙasa, kuma duk lokacin da kika canza wuri ki mayar da turakun nan take, ba sai kin hango hadari ba.