Hukuncin yi wa Gaddafi addu'a da ambaton laifukansa bayan mutuwarsa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina koyarwa a wata Islamiyya a Rigasa. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa Gaddafi shahidi ne, yayana kuma yana kafirta shi, har mun daina gaisawa tun azumi. Ya halatta in yi masa addu'a? Kuma ambaton laifin mamaci ba haramun ba ne?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, nema wa wanda ya mutu yana furta kalmar shahada rahama ya halatta. Malamai sun yi wa Gaddafi raddi mai zafi kan maganganunsa game da hadisi, da mayar da lissafin shekara daga wafatin Annabi (SAW) maimakon hijira, amma fitar da mutum ɗaya takamaimai daga Musulunci aikin manyan malamai ne da alƙalai, bai rataya a wuyan yayanka ba.

Inda hukuncin ya sauya shi ne faɗarka cewa kana gaya wa ɗalibai. Addu'ar da kake yi tsakaninka da Ubangijinka daban take da shaidar da kake bayarwa a gaban yaran da ke rubuta duk abin da ya fito bakinka a littafi. Imamu Buhari ya ƙulla babi cewa ba a ce wa wane shahidi. Kisan wulaƙancin da aka yi masa a garin Sirte na Libiya ranar 20 ga Oktoba 2011 bayan an kama shi da rai zalunci ne, sai dai matsayinsa a lahira sanin Allah ne.

Ra'ayin da ka dogara da shi, cewa hadisin hana zagin matattu ya hana ambaton laifin shugaba kwata-kwata, ba daidai ba ne. Abin da aka hana shi ne zagi don huce haushi. Buharin da ya ruwaito hadisin shi ne ya biyo shi da babi kan ambaton miyagun matattu, kuma an wuce da gawa a gaban Annabi (SAW) sahabbai suka ambace ta da sharri, bai tsawata musu ba. Imamu Zahabi, malamin hadisi da tarihi, ya jera ta'asar Hajjaju ɗan Yusufa, gwamnan Iraki a zamanin Banu Umayya, ya ce yana da kyawawan ayyuka da suka nutse cikin zunubansa, sannan ya bar al'amarinsa ga Allah. Mutumin da ya riƙe Libiya shekara 42, daga 1969, aikinsa ya shafi jinin jama'a da dukiyarsu. Idan ka ba yara labarin ruwan da ya jawo daga ƙarƙashin sahara zuwa biranen gaɓa, da masallatan da ya gina a Afirka, da sallar da ya ja a Kano a 1997, amana ta wajabta maka faɗin kisan fursunonin kurkukun Abu Salim da ke Tripoli a 1996, wanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta ya haura mutum 1,200, da kiransa a 2010 cewa a raba Najeriya tsakanin Musulmi da Kirista. Mu mutanen Kaduna mun san abin da irin wannan magana take jawowa.

Shawarata, ɗan'uwa, ka cire wannan zance daga aji, domin iyaye sun kawo 'ya'yansu ne su koyi Alƙur'ani da tsarki. Ƙauracewa yayanka fiye da kwana uku kuwa haramun ce, ga yanke zumunci a kai. Kai ne ƙarami, ka je gidansa bayan la'asar ka yi sallama, kada ka ɗauko maganar Libiya. Wallahu a'alam.