Biyan haraji da katin cirar kuɗi don samun makin jirgi

Tambaya: Ina zaune a Amurka, ina sana'ar kaina, don haka sau huɗu nake biyan haraji a shekara. An ce in na biya ta intanet da katin cirar kuɗi (debit card) zan iya tara makin tafiya a jirgi. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, amma sai katinka na cikin 'yan kaɗan da ke ba da makin. Hukumar haraji ta IRS ba ta karɓar kati da kanta. Kamfanonin da ta amince da su ne ke karɓa, irin su Pay1040 da ACI Payments. Ribarka tana cikin bambancin kuɗin da suke caja. Katin bashi ana cire masa kusan kashi 2 cikin 100, shi kuwa katin cirar kuɗi dala 2 da 'yan kai ne kawai, komai yawan harajin. A harajin dala 5,000, katin bashi zai ci maka wajen dala 90. In katinka na ba da maki 1 a kowace dala 2, ka samu maki 2,500 da dala 2 ke nan.

Wahalar ita ce samun katin. Tun 2011 da dokar Durbin ta fara aiki, an rage abin da manyan bankuna (masu kadarar dala biliyan 10 zuwa sama) ke samu a kowace sayayya da katin cirar kuɗi zuwa kusan senti 21, sai yawancinsu suka daina ba da maki. Waɗanda suka rage, wasu sun cire biyan haraji daga lissafi, wasu sun ƙayyade makin da za ka iya samu a wata, wasu kuma na cajin kuɗin wata-wata da zai cinye ribar. Karanta sharuɗɗan katin kafin ka motsa.

In ya dace, shiga ta irs.gov ka bi hanyar da ke kai ka shafin kamfanin, kada ka bi tallan da ke fitowa a Google, akwai na bogi. Zaɓi fom 1040-ES, wato na harajin da ake biya sau huɗu a shekara, da shekarar daidai. Nan mutane ke yawan kuskure, kuɗi ya tafi shekarar da ba ita ba. Ka ajiye lambar tabbacin biya.

Abin da ya fi hana biya wucewa shi ne iyakar kashewa ta kullum da banki ya sa wa katin. Kira bankin tukuna su ɗaga maka ita na ranar. Raba kuɗin ƙanana-ƙanana ba zai fisshe ka ba, domin sau 2 kacal aka yarda a biya da kati a kowane zango cikin zangon biya huɗu na shekara. Kuma kada ka jira sai ranar ƙarshe, 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba ko Janairu: in banki ya ɗauka zamba ce ya toshe katin, za ka iya makara har a ci ka tarar latti.