Hukuncin rubuta wa matasa labarin ƙage mai aljanu da matsafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamar Islamiyya ce. Na fara rubuta wa ɗalibaina 'yan shekara 13 zuwa 17 wani labari: yarinya mahaddaciya ta faɗa wani birni a ƙarƙashin ƙasa, tana fafatawa da matsafa da miyagun aljanu, ba ta da makami sai imaninta. Yayana ya ce wannan ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce ko da an yi mata lulluɓi da addini. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki ci gaba, Malama, amma da sharuɗɗa.

Yayanki yana da madogara. Akwai malaman da suka hana ƙagaggen labari, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi, wanda ya yi narko ga mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Sai dai ƙarya ita ce ka gaya wa mutum abin da bai faru ba don ya ɗauka ya faru. Tsohuwar da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba ta yaudari jikokinta ba, kowa ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba. Hariri, malamin adabin Larabci wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya ƙagi Abu Zaid ɗan Saruj ya gina masa maƙama 50, wato ƙagaggun labarai, ga shi har gobe ana karanta su a zaurukan malamanmu. Saboda haka abin da ya rinjaya a wurina shi ne halasci, matuƙar mai karatu ya san ƙage ne.

Inda nake ji miki tsoro daban ne, kuma yayanki bai taɓo wurin ba. Labarin da aka ɗora a kan addini ya fi tatsuniyar Gizo haɗari, don ɗan shekara 14 ba ya iya tsince abin da malamarsa ta ƙaga daga abin da ta ruwaito. In kika rubuta cewa jarumar ta karanta aya kaza ƙafa 7 sai dutse ya tsage, wallahi sai kin sami yarinyar da za ta tafi da shi a matsayin laƙani, ta koya wa ƙannenta. Kada ki ƙagi addu'a, ko adadi, ko falala. Abin da ya tabbata ya ishe ki. Ga hadisin Abu Huraira a Buhari: ɓarawon da ya riƙa zuwa ɗibar abincin zakka dare uku, ya koya masa Ayatul Kursiyyu, ashe shaiɗani ne. Wane marubuci ne zai ƙagi abin da ya fi wannan armashi?

Haka nan kada ki sa wa Annabi (SAW), ko wani annabi, ko sahabi, ko mala'ika magana a baki, ko da a mafarkin jarumar ne. Wannan ƙofa a rufe take.

Aljanu gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu. To ki bar su yadda Alƙur'ani ya siffanta su. Ba su san gaibu ba: aya ta 14 a Suratu Saba ta nuna sun yi ta wahala ba su san Annabi Sulaimana ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa. Kada kuma jarumar ta nemi tsarin wani aljani, aya ta 6 a Suratul Jinni ta zargi masu yin haka. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, don haka babu wani "tsafi mai kyau" da mutanen kirki za su mayar da martani da shi, kamar yadda ake gani a finafinan ƙetare. Ki nuna matsafi da sharrinsa, amma ban da bayanin yadda yake haɗa surkullensa.

In akwai soyayya a ciki, a tsaya inda kunya ta tsaya.

Ki rubuta a shafin farko cewa labarin ƙage ne, duk aya ko hadisin da kika kawo ki faɗi inda yake, sannan ki ba wani malami ya duba kafin ya isa hannun yara. Wallahu a'alam.