Tambaya da Amsa: Ma'aikacin Jami'a da Kwamfuta, Ta Ina Ake Farawa?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk daga ma'aikatan jami'a suke, malamai da na ofis, kuma duk a kan kwamfuta da intanet a wurin aiki. Na ɗauko biyar, na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda aka roƙa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a ofishin jarrabawa na wata tsangaya, na haura shekara 50. An tura ni bita kan kwamfuta ya kai sau uku, satifiket suna nan a fayil ɗina, amma wallahi har yau in aka ce in haɗa sakamakon ɗalibai a Excel sai na kira yaron da aka ɗauka bara, abin har kunya yake ba ni. Wane kwas zan ƙara yi? Ko dai shekaru ne?

AMSA: Baba barka dai. Ba shekaru ba ne, wannan ka cire shi daga ranka, kuma ni ba zan ce ka ƙara wani kwas yanzu ba. Matsalar irin wannan bitar ita ce a cika ɗaki da mutane, mai koyarwa yana gaba yana haska allo yana ta danne-danne da sauri, misalansa kuma na albashin wani kamfani ne da babu shi a duniya, babu ruwansu da aikinka, kwana uku a raba satifiket kowa ya watse, ka dawo ofis ka tarar da takardun nan suna jiranka yadda ka bar su. Abin da mutum bai taɓa da yatsarsa a kan aikinsa na gaske ba, kafin wata ya zagayo ya gudu.

Toh aikin nan da kake kiran yaron ya yi maka, shi ne kwas ɗinka. Ka ɗauko fayil ɗin sakamakon zangon da ya wuce, wanda an riga an gama an sa hannu, ka yi kwafinsa ka ba shi wani suna daban, ka ga ko ka dagula shi gaba ɗaya babu abin da ya sami na asali. Sai ka kira yaron, amma wannan karon kai ne a kujera, shi yana tsaye a bayanka yana faɗa da baki kai kana dannawa. Zai ƙosa, zai miƙo hannu ya ce "kawo in yi maka Baba", kar ka yarda. Kuma kafin komai ka haddace Ctrl da Z, in ka danne su tare suna mayar da abin da ka yi na ƙarshe, rabin tsoron kwamfuta tsoron ɓatawa ne, in ka san akwai hanyar dawowa sai hannu ya saki.

Akwai ramuka biyu da nake so ka sani tun yanzu, don su ne ke jawo wa ofishin jarrabawa abin kunya. Na farko wajen jera sunaye daga A zuwa Z. In ka zaɓi layin sunaye kaɗai ka ce a jera, Excel zai fito da wani ɗan akwati yana tambayarka ko a haɗa da sauran layukan da ke gefe, mutane da yawa ba sa karantawa sai su zaɓi a ci gaba da wanda suka zaɓa kawai, shi ke nan sunaye su motsa maki ya tsaya inda yake, ɗalibin da ya ci 71 ya tashi da 38 na wani, kuma babu wata alama a allo da za ta nuna maka an yi ɓarna, sai ɗalibi ya zo ofis yana rantsuwa. Kullum ka zaɓi a haɗa duka. Na biyu lambar ɗalibi da ta fara da sifili, misali 00457, kana rubutawa Excel zai cinye sifilin ya bar maka 457 don ya ɗauka lissafi za ka yi. Maganinsa ka mayar da layin na rubutu ba na lamba ba kafin ka fara shigarwa. Haka kuma duk lambar da ta wuce adadi 15 yana mayar da ƙarshenta sifili, in ofishinku na mu'amala da dogayen lambobi ka kula.

In hannunka ya faɗa a waɗannan sai ka matsa kan VLOOKUP, wanda shi ne ke ɗauko makin gwaji daga wani shafi ya ajiye shi gaban ɗalibin da ya dace ta hanyar lambarsa, aikin da kake kwashe yini kana yi da ido da rula. Bayan shi Mail Merge a Word, ka rubuta wasiƙa ɗaya ta fito da sunan kowane ɗalibi daban. Abu ɗaya a mako ya ishe ka. Kunyar yaron kuma ka ajiye ta gefe, shi ya san maɓalli, kai ka san ƙa'idar jarrabawa da abin da majalisar jami'a za ta ƙi karɓa, shi ma gobe wurinka zai zo.

TAMBAYA: Salam Malam. Lakcara ce ni, ina neman ƙarin girma kuma maƙalu biyu suka rage min. Kusan kullum imel na shigo min daga mujallun ƙasashen waje suna yaba aikina suna cewa in turo za su buga cikin mako biyu in na biya. Wata abokiyar aikina ta ce in yi kawai kowa haka yake yi. Ya kake gani?

AMSA: Dakta, ki bi a hankali. Mujallar da ta san abin da take yi ba ta bin mutum da kirari, kuma tantancewar masana ba ta ƙarewa a mako biyu, sai an nemo masu dubawa, su karanta, su dawo da gyara, ki gyara a sake dubawa, yawanci watanni ake yi. Waɗannan masu turo miki saƙon manhaja ce ke kwasar adireshin imel daga intanet tana watsa wasiƙa iri ɗaya ga dubban mutane, ki lura za ki ga wani lokacin mujallar injiniya ce ke yabon aikinki na adabi. Biyan kuɗi shi kaɗai ba shi ne alamar damfara ba, akwai mujallu na ƙwarai da ke karɓar kuɗin bugawa don kowa ya karanta kyauta, abin dubawa shi ne ana tantancewa ko ba a yi.

Akwai wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, da ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu, aka sauke jerin nasa a farkon 2017, shi ya sa yanzu ya fi sauƙi ki duba ta ɗaya ɓangaren, wato ko mujallar na cikin jerin amintattu. Ki shiga DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ki sa sunan mujallar ko lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujallar. In sun ce suna cikin Scopus, wani babban rumbun mujallun da aka tantance, kar ki yarda da tambarin da suka manna a shafinsu, tambari kowa na iya kwafa, ki je shafin Scopus ɗin da kanki ki nema, kuma ki duba ko har yanzu suna ciki, don ana cire mujallu. Wani salon ma shi ne su ɗauki sunan mujalla ta gaske su buɗe shafi na bogi da shi, don haka adireshin shafin ma ki gwada shi da wanda ke cikin jerin. Mafi muhimmanci ki nemi ƙa'idar ƙarin girma ta jami'arku a rubuce, in kwamiti ya ƙi maƙalar kin yi asara biyu, ga kuɗi ga aikin, tunda abin da aka riga aka buga wata mujallar ba za ta sake karɓa ba.

Tunda muna kan wannan, in ba ki da ORCID ki buɗe yau, kyauta ne, lamba ce mai adadi 16 da ke bin ki duk inda kika buga, ko kin canza suna ko akwai masu suna irin naki. Ki buɗe shafinki a Google Scholar da imel ɗin jami'a. Sannan Zotero, shi ma kyauta, yana ajiye miki duk abin da kika karanta ya jera manazarta a Word da kansa, in wata mujalla ta ce ba ta son salon APA sai na Harvard, dannawa biyu an canza, ba sai kin kwana kina gyara waƙafi da aya ba.

TAMBAYA: Malam dan Allah ChatGPT ɗin nan halal ne malami ya yi amfani da shi wajen shirya lakca da rubutu? Yara duk sun riga mu.

AMSA: Malam fatawa kam ba tawa ba ce, amma ta fuskar aiki ka yi amfani da shi, ai tun ƙarshen 2022 da ya fito ɗalibanka ke ciki, malamin da bai san yadda yake amsa ba ba zai gane aikin gidan da aka kawo masa daga can ba. Yana da kyau wajen tsara jigon lakca, ƙirƙiro tambayoyin gwaji da kai za ka tace, gyara Turanci. Inda yake kayar da mutum shi ne manazarta. Shi harhaɗa kalmomi yake yi bisa abin da ya fi kama da daidai, don haka yana iya ba ka sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske da shekara, amma maƙalar babu ita. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro musu ba su bincika ba. Duk maƙalar da ya ba ka, ka nemi takenta a Google Scholar ko ka sa lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar maƙalar, a doi.org, in ba ka buɗe ta da idonka ba kar ta shiga rubutunka. Kuma kar ka liƙa masa sunayen ɗalibai da makinsu, ko tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba, ko aikin wani da aka ba ka ka tantance a sirrance.

TAMBAYA: An sace min laftop da babi huɗu na digirina na uku a ciki, filash ɗin da nake ajiya kuma yana cikin jakar. Akwai dabara?

AMSA: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri 'yar uwa. Ki fara da imel, akwatin saƙonnin da kika tura, duk babin da kika taɓa aika wa mai duba aikinki yana nan, ki duba WhatsApp ma, ki tambayi duk wanda ya taɓa karanta miki ko ya buga miki a furinta. In kin taɓa shiga Word da asusun Microsoft ki leƙa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, daga wata na'urar, wani lokacin yana ajiya mutum bai sani ba. Kuma yau ɗin nan ki canza kalmar sirrin imel ɗinki da duk abin da ke buɗe a laftop ɗin, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba daga wayarki kafin a shiga. Gaba kuma ƙa'idar da ake bi ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya ba ya wuri ɗaya da sauran. Google Drive na ba da 15GB kyauta, rubutun digiri ko kusa ba zai cika shi ba.

TAMBAYA: Ni shugaban sashe ne, an ce in tsara horon kwamfuta ga ma'aikatana su 30. Me zan sa a ciki?

AMSA: Ranka ya daɗe, kar ka fara da jerin manhajoji, ka fara da tambayar kowa wane aiki ne ya fi cin masa lokaci a mako, za ka ga sakatariya da mai ɗakin gwaji da farfesa ba buƙata ɗaya suke da ita ba, haɗa su aji ɗaya ɓata wa kowa rana ne. In kana son ma'aunin da za ka duba ko ka bar wani gefe, akwai DigComp da Tarayyar Turai ta fitar a 2013, ya kasa abin gida biyar: neman bayani da tantance shi, sadarwa da aikin haɗin gwiwa, ƙirƙirar abu, tsaro, da warware matsala. Tsaron nan shi ake yawan tsallakewa, alhali saƙon nan na "akwatin imel ɗinka ya cika, danna nan ka sa kalmar sirri" har yau yana kama manya masu digiri uku, don haka ka nuna musu irinsa a allo, a duba adireshin mai turowa tare.

Maimakon kwana uku a jere ka yi awa ɗaya duk mako, rukuni ƙanana, kowa ya zo da fayil ɗin aikinsa. Masu koyarwar ma suna cikin sashenka, wanda ya iya Moodle ko Google Classroom, manhajojin koyarwa ta intanet, tun lokacin korona a 2020 ka haɗa shi da biyu da ba su iya ba, amma ka rage masa wani aikin ko ka sa abin a takardar auna ƙwazonsa ta shekara, in ba haka ba mako uku zai gaji ya fara ɓuya. Kuma kai ma ka zauna cikin ajin da laftop ɗinka, in ma'aikata suka ga oga har yau sai an buga masa imel a takarda yake karantawa, babu wanda zai zo zama na biyu.