Kwamfutar kantina tana kashe kanta da tsakar dare, yaya zan hana ta sabuntawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kantin magani a Zariya, kuma ba ma rufewa, dare da rana. Akwai kwamfuta guda a ofishina mai Windows 11, ita ke riƙe da manhajar lissafin kaya da ciniki, sauran biyun da ke teburin ciniki a jikinta suke aiki. Sau biyu ke nan tana kashe kanta wajen ƙarfe uku na dare wai tana sabuntawa. In ta dawo sai ta tsaya a wurin kalmar sirri, yaron da ke kwana kuma bai san ta ba, sai dai su koma biro da takarda har gari ya waye. Wani mai gyara ya ce a kashe abin gaba ɗaya a huta. Ya kashe, bayan 'yan makonni ya dawo da kansa. Don Allah ina hanyar da zan kashe shi har abada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hanyar kashewa har abada ba zan ba ka ita ba, domin ba ita ce maganin ciwonka ba. Sabuntawar ba ta yi maka laifi. Abu biyu ne suka yi maka: kwamfutar ta zaɓi lokacin sake kunna kanta ba da izininka ba, sannan da ta kunnu ba ta iya komawa bakin aiki ita kaɗai. Na farkon ana iya ƙwace shi daga hannunta. Na biyun kuwa ko babu wata sabuntawa a duniya sai ka gyara shi, tunda NEPA ba ta neman izini kafin ta ɗauke wuta.

Amma kafin mu ɗora wa Windows laifi, a tabbatar ita ce. Na taɓa zuwa wani ofishi da suka yi wata guda suna tsine wa Microsoft, wai kullum da asuba kwamfutarsu sai ta mutu. Da na buɗe littafin da Windows ke rubuta duk abin da ya same ta, sai na tarar ba sabuntawa ba ce sam. Batirin UPS ɗinsu, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, shi ne ya kumbura kamar burodi, maigadi na juya wuta daga janareta zuwa NEPA, kwamfuta na faɗuwa. Kai ma duba naka. Danna maɓallin Windows ka rubuta Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi daren da abin ya faru. In ka ga lamba 1074, wata manhaja ce ta nemi a sake kunnawa, kuma za ka ga sunanta a rubuce. In 41 ka gani ko 6008, mutuwar fuju'a ce, ko wuta ko wani ya taka waya. Yadda ka ba da labarin, na fi kyautata zaton 1074 za ka gani.

Shi kuma mai gyaran ba ƙarya ya yi maka ba, ya kashe ɗin. Abin da bai sani ba, Microsoft ta saka wani ɗan aiki a cikin Windows mai suna Windows Update Medic Service, wanda aikinsa kenan ya riƙa leƙawa, in ya ga an kashe sabuntawa ya tashe ta. Akwai ƙananan manhajoji a intanet da ke alƙawarin kashe har shi ɗan aikin. Ni dai ba zan ɗauko manhajar da ban san mai ita ba, in ba ta cikakken iko a kan kwamfutar da dukiyar kantina take ciki ba.

Dalilin da ya sa na ƙi kashewar baki ɗaya shi ne, mafi yawan abin da ke zuwa duk wata faci ne, irin na mai facin taya. An gano wata ɓaraka da masu kutse za su iya bi, sai a turo abin toshe ta. Ranar da aka fitar da facin kuwa, ranar ce su ma ɓarayin suke gane inda ɓarakar take. A ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil a tsakaninsu. Wata biyu bayan haka, 12 ga Mayu, cutar da ake kira WannaCry ta ɓulla, ta kulle fayilolin kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Waɗanda suka saka facin Maris ba ta shiga musu ta wannan ƙofa ba. Kuma lura da yadda ta yaɗu: ba sai wani ya danna komai ba, daga kwamfuta take tsallakawa zuwa maƙwabciyarta. Kwamfuta uku da ke haɗe da juna, ɗaya ba ta barci, shi ne daidai kantinka. Mai sayar da magani ba sai na karanta masa darasin rigakafi ba.

Sai dai in yi adalci, masu tsoron sabuntawa su ma suna da hujja. A Oktoban 2018 Microsoft ta fitar da wata babbar sabuntawa ta Windows 10 da ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har ta janye ta cikin 'yan kwanaki, ba ta dawo da ita ba sai a Nuwamba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, ba ma ta Microsoft ba, ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Saboda haka matsayata a kan kwamfuta irin taka: kada ka zama na farkon karɓa, kada kuma ka zama wanda bai karɓa ba. Ka bari sati guda ko kwana goma su wuce. In akwai matsala, ta riga ta fashe a hannun wasu.

Abin da zai sauƙaƙa maka, sabuntawar tana da ranarta kamar kasuwar ƙauye. Tun 2003 Microsoft ke fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, da ƙarfe goma na safe agogon gaɓar yammacin Amurka, wato shida ko bakwai na yamma a nan. Duba kalanda, ina tsammanin dararen da kwamfutarka ta ba ka kunya ba su yi nisa da irin wannan Talatar ba.

Yanzu sai a san wace Windows ce a hannunka, domin nan hanya ta rabu. Shiga Settings, System, About, ka ga ko Home aka rubuta ko Pro.

In Home ce, igiyar da ke hannunka gajera ce. Akwai Active hours, inda kake gaya mata awannin da ba ka yarda ta sake kunna kanta ba, amma iyakarsu awa 18 a rana. Sauran shidan nata ne, kuma ga wanda ba ya rufe kanti wannan bai isa ba. Abin da ya fi amfani shi ne Pause updates, da ke dakatar da komai har sati biyar, kwana 35. In sun cika sai ta karɓi abin da ya taru kafin ta yarda a sake dakatarwa. To ka mai da wannan dabara: ka ware rana guda a wata, ka ɗage dakatarwar da hannunka, ta sauke, ka sake kunna ta kana zaune, ka mayar da dakatarwar. Wata ba ya kai kwana 35, ka ga kullum kai za ka riga ta. Wasu na saita layin intanet ɗinsu a matsayin Metered connection, wanda ke sa Windows ta ja baya da saukewa don tattalin data. Yana taimakawa, musamman ga mai amfani da datar MiFi, amma ba garanti ba ne, abin da ta ga yana da muhimmanci ƙwarai tana iya saukewa duk da haka.

In kuwa Pro ce, ka huta. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta gpedit.msc. Bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, har zuwa Windows Update. A cikin Manage end user experience akwai Configure Automatic Updates. Kunna shi ka zaɓi lamba 2. Daga nan ba za ta sauke komai ba sai ta sanar da kai, kai kuma ka danna. Amma ga inda mutane ke zamewa: da zarar ka danna, ta sauke ta girka, to ta shiga jiran sake kunnawa, kuma in ka tashi ka bar ta haka tana iya yi da kanta cikin dare. Kada ka danna sai ranar da za ka zauna har a gama. A wannan wurin dai, cikin Manage updates offered from Windows Update, za ka iya jinkirta facin wata-wata har kwana 30, babbar sabuntawar shekara kuma har kwana 365. Ni kan sa 7 ga na farko. Babbar kuwa, wadda ke canza fasalin Windows ɗin kanta, ina jan ta wata shida, kuma ba na sakin ta sai na kira wanda ya sayar da manhajar lissafin na ji ko tasu ta dace da ita. Firintar rasit ma a nan ta fi yin gardama.

In Home ce da kai, kuɗin ɗaga ta zuwa Pro da lasisi na gaskiya bai kai asarar dare biyu na ciniki da biro ba. Ba na nufin irin wadda ake fasawa a kasuwa.

Wace rana za ka ware? Kai ka san kantinka. Da ni ne, Lahadi ta biyu bayan waccan Talatar ta faci, bayan sallar asuba, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ka fara da kwafe bayanan manhajar lissafi a filashi ko wani faifai na waje, ka cire shi daga jikin kwamfutar. Ka ce wa yara su rufe manhajar a nasu ɓangaren. Ka tabbatar akwai wuta tsayayya, inbata ko janareta, domin ɗaukewar wuta tana tsakiyar girkawa ta fi komai ɓarna. Yawanci minti ashirin zuwa talatin ya isa. In ta dawo, a buga rasit ɗaya na gwaji daga kowace kwamfuta kafin ka tashi. In wani abu ya lalace, a Update history akwai Uninstall updates, ka cire ta ƙarshen. Babbar sabuntawa kuma Windows na ba ka kwana 10 ka koma tsohuwar.

Saura rabi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, wato kwamfutar ta iya tashi ta kama aiki ba tare da kowa ba. Fara daga BIOS, saitin da ake shiga da F2 ko F10 ko Del tana kunnuwa. Akwai wurin da ake gaya mata abin da za ta yi in wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Dell na kiransa AC Recovery, HP kuma After Power Loss. Sa shi a Power On. Sannan ka tambayi mai manhajarka tambaya ɗaya: rumbun bayananta yana tashi da kansa tare da Windows, ko sai an shiga da kalmar sirri an danna shi? Manhajoji da yawa da ke kan rumbunan bayanai irin SQL Server ko MySQL suna iya tashi tun kafin kowa ya shiga, in an saita su haka, kuma aikin minti biyar ne. In aka yi wannan, kwamfutar na iya zama a wurin kalmar sirri har safe, na teburin ciniki suna aikinsu ba su ma san ta mutu ta dawo ba.

In manhajar ta ƙi, dole sai an shiga, akwai wata ƙaramar manhaja ta Microsoft ɗin kanta mai suna Autologon, da ke sa kwamfuta ta shiga da kanta. Sai a jefa gajeriyar hanyar manhajar lissafin, wato shortcut ɗinta, a jakar da ke buɗewa in ka danna Windows da R ka rubuta shell:startup. Sharaɗi ɗaya: kada ka yi wannan da asusunka na mai gida. Buɗe wani asusu marar iko, wanda ba ya iya girka komai ko goge komai, shi za a bari yana shiga da kansa, ofishin kuma ya zauna a kulle.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zan faɗa, saboda na ga ya sa babban mutum zufa. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 faifansu a kulle yake da BitLocker, mai su bai ma sani ba. Wani lokaci bayan sabuntawa ko taɓa BIOS, sai ta tashi da shuɗin allo tana neman mabuɗi mai lamba 48. Sabuntawar Yulin 2024 ta yi wa wasu haka. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft da aka fara buɗe kwamfutar da shi, kuma sau da yawa na yaron da ya saita ta ne a shago, ba na mai ita ba. Nemo shi tun yau, kafin ka taɓa BIOS ɗin, ka buga a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun kanti.

Su kuma biyun da ke teburin ciniki, ka duba su. In akwai mai Windows 10 a ciki, Microsoft ta daina ba ta facin tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoban 2025, sai wadda aka yi wa rajistar ƙarin wa'adi. Irin wannan ba za ta dame ka da kashe kanta ba, amma tana haɗe da wadda kake ta ƙoƙarin karewa. Ko a ɗaga ta zuwa 11 in za ta ɗauka, ko a canza ta, kafin nan kuma a hana yara soka mata filashi da kallon bidiyo a kanta.